Loko da Hanyar da Ta Raya Ta: Tashar Binuwai ta Kudancin Zazzau

Tsakure

Wannan takarda ta dubi Loko, tashar jiragen ruwa da ke gaɓar arewa ta kogin Binuwai a Jihar Nasarawa ta yanzu, a matsayin ƙofar da ƙasashen kudancin Zazzau, har da Jama'a da Kagoma, suke fita kasuwannin duniya ta cikinta kafin zuwan jirgin ƙasa. Hujjar takardar ita ce arzikin Loko ya dogara ne a kan hanyar tudu da ta taso daga gare ta zuwa Nasarawa da Keffi da Zariya da Jos, da kuma mutanen da suka ɗauki kayan wannan hanya a kansu. Ranar da hanyar ta kauce, Kafanchan ta gaji aikin Loko, alhali kogin yana nan inda yake.

Gabatarwa

Wanda ya ji an haɗa Kagoma da tashar jirgin ruwa a magana ɗaya zai iya cewa an yi ɓatan kai. Ƙasar Gwong, wadda Hausawa ke kira Kagoma, ƙasar duwatsu ce da gonakin citta a Ƙaramar Hukumar Jama'a, kuma babu kogin da jirgi zai bi ya iso Fadan Kagoma. Amma wanda ya tashi daga Kafanchan ya ratsa Kagoma zuwa Kwoi, ya gangara Keffi, ya wuce Nasarawa, in bai tsaya ba ƙafarsa za ta kai shi bakin Binuwai ne a Loko. Wannan layi da ake bi da mota yau ya girmi mota da shekaru masu yawa. Masu rubuta tarihin kasuwancin ƙasar Hausa sun fi mayar da hankali ga Sahara da raƙuma da hanyar goro ta Gwanja, sun bar wannan ƙofa ta kudu a baya, duk da cewa a ƙarshen ƙarni na 19 ta nan ne kayan Turawa da Turawan kansu suka riƙa shigowa tsakiyar Daular Sakkwato.

Kafin Loko

Binuwai kogi ne mai tsawon kimanin kilomita 1,400, ya taso daga tsaunukan Adamawa a Kamaru ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Halinsa shi ne cika da janyewa. A da, daga tsakiyar damina zuwa wajen Oktoba, manyan jirage kan hau shi har Yola da Garwa, amma da rani yashi ke fitowa tsibiri-tsibiri, sai kwale-kwale da ƙananan jirage marasa zurfin ciki. Saboda haka duk garin da zai ci kasuwar wannan kogi dole ya zama wurin ajiya: a tara kaya wata da watanni ana jiran ruwa, in ruwa ya zo a kwashe cikin gaggawa.

A farkon ƙarni na 19 ba Loko ke riƙe da wannan matsayi ba. Panda ce, babban birnin Igbirra, wadda ke da mashigarta ta ruwa a Umaisha. Macgregor Laird, ɗan kasuwar Birtaniya, ya je Panda a 1833 ya tarar da birni mai ganuwa da kasuwa da masaƙa. Da Likita William Baikie ya hau Binuwai a jirgin Pleiad a 1854, labarin da ya iske shi ne an ci Panda da yaƙi, mutanenta sun watse, da yawa sun tsallaka kogi. Ƙarfin da ya rusa ta daga arewa ya zo. Abdu Zanga ya kafa Keffi a farkon ƙarnin, Malam Usman ya kafa Jama'a wajen 1810, sannan Umaru Makama Dogo ya kafa Nasarawa a shekarun 1830, kuma dukkan ukun suna kai gaisuwa Zazzau, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa Government in Zazzau na 1960. Da Nasarawa ta miƙa hannunta har bakin ruwa, sai aka sami abin da babu shi a da: hanya ɗaya daga Kano zuwa Binuwai wadda daga farkonta har ƙarshenta tana ƙarƙashin sarakunan da ke amsa umarnin wuri guda. Loko ita ce inda wannan hanya ta taɓa ruwa. Abin da ya ɗaga ta ke nan a kan sauran ƙauyukan masunta da ke jere a gaɓar.

Zamanin haure da kamfanoni

Abin da ya fara jawo jiragen Turawa Loko shi ne hauren giwa. Fataken Hausawa ne ke shiga Adamawa da dazuzzukan kudu da ita su sayo haure, kuma a da Kano da Kukawa ake kai shi, daga can raƙuma su tsallaka da shi Sahara zuwa Tarabulus. Da jirage masu tururi suka fara zuwa Binuwai a kai a kai, sai falke ya ga babu dalilin biyan raƙumi tafiyar watanni alhali ga mai saye a bakin ruwa. A farkon shekarun 1880 Ingilishi da Faransawa duk suna da kantuna a Loko suna ribibin haure, har George Goldie ya saye kamfanonin Faransawan a 1884, kamfaninsa kuma ya sami izinin mulki daga gwamnatin Birtaniya a 1886 da sunan Royal Niger Company. Jamusawa ma sun sa rai. Eduard Flegel ya yi ta zirga-zirga a Binuwai tun 1879, kuma daga Loko ne Paul Staudinger da Ernst Hartert suka kama hanya a 1885 ɗauke da kyaututtukan Sarkin Jamus zuwa ga Sarkin Musulmi da Sarkin Gwandu. Sun bi ta Keffi da Zariya da Kano, amma sun makara, domin Joseph Thomson ya riga su isa Sakkwato a wannan shekarar a madadin kamfanin Goldie. A 1894 Charles Robinson, wanda daga baya ya wallafa ƙamus na Hausa, shi ma daga Loko ya tashi zuwa Kano. Ba haɗuwar sa'a ba ce ta sa duk suka zaɓi wuri ɗaya. Nan ne madugai suke, nan ake samun 'yan dako, nan ake samun wanda ya san zango-zango har Zariya.

Ya kamata mu tsaya a bakin wannan gaɓa mu ga yadda ciniki ke gudana, domin a nan ne za a gane wa ke riƙe da me. Ayari ya iso daga arewa, madugu a baya, jagaba a gaba, an sauke kaya a zango. Falke bai san Baturen kanti ba, bai kuma yarda da ma'auninsa ba, don haka gidan fatoma zai sauka, wato mai masaukin da zai ajiye masa kaya, ya ciyar da shi, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in an sami saɓani. A kanti, akawu ne zai ɗora haure a sikeli, kuma sau da yawa akawun nan mutumin Saliyo ne ko na Ikko, ba Bature ba. Ba a cika biya da kuɗi ba; ana musaya ne da gishiri, da akoko da sauran yadudduka, da tasoshi da duwatsun ado. Kayan da za su tsallaka kogi ko su gangara Lakwaja da rani kuwa suna hannun masu jirgi, Nufawa da Kakanda da sauran mutanen ruwa, kuma ba wanda zai haye sai ya biya kuɗin fito. Abincin da duk wannan taro ke ci daga gonakin Afo da Bassa da Agatu yake fitowa, kifi daga masunta, gishirin gida kuma daga Keana da Awe. Hausa ce harshen ciniki, amma Bahaushe ɗaya ne daga cikin masu hannu a tukunyar, ba shi kaɗai ba. Mahdi Adamu ya nuna irin wannan tsari a garuruwan zango da dama a littafinsa The Hausa Factor in West African History na 1978, kuma Loko misali ce mai kyau ta abin da yake nufi.

Wanda ya ɗauki kayan

Daga Zariya zuwa arewa jaki da takarkari da raƙumi ke ɗaukar kaya. Kudu da Kachia da Kagarko lamarin ya sauya, domin ƙudan tsando na sa wa dabbobi sammore, jaki ba ya daɗewa. Saboda haka hanyar Loko hanyar kai ce. Duk haure da ya sauka, duk buhun gishiri da ya hau, a kan ɗan Adam ya yi tafiyar. Kuɗin ma kansu kaya ne: keso ɗaya na wuri, wato 20,000, shi ne ɗaukar mutum guda, kuma in tafiya ta yi nisa ɗan dakon zai cinye rabo mai tsoka na abin da yake ɗauke da shi a ladansa da abincinsa. Robinson ya lura da abin da wannan ya haifar, wato matafiyi mai hali ya gwammace ya tafi da bayi, su ɗauki kayansa, in guzuri ya ƙare ya sayar da ɗaya.

A nan ne tarihin Loko ya haɗu da na Kagoma da maƙwabtanta, kuma ba haɗuwa ce mai daɗin faɗa ba. Gaisuwar da Keffi da Nasarawa da Jama'a ke kaiwa Zazzau kowace shekara ta haɗa da bayi, kuma ba daga sama ake samo su ba. Daga al'ummomin da ke zaune a gefen hanyoyin nan ake kamo su, a ƙasashen da a yau muke kira kudancin Kaduna da Nasarawa. Hanyar Keffi zuwa Zariya ta bi yamma da ƙasar Gwong da ta Ham, reshen da ya nufi Jama'a da Bauchi kuma ya bi ta gabas, saboda haka mutanen wannan yanki sun zauna ne tsakanin hanyoyi biyu na ayari da na mahara. Wasu al'ummomin sun yi amana suna biyan abin da aka yanka musu, wasu, irin su Kagoro, sun dogara da duwatsunsu ba a ci su ba. Wanda ya ga yadda tsofaffin matsugunan yankin suka lafe a jikin tsaunuka, ga fili mai kyau a ƙasa an bar shi, ya ga shaidar wannan zamani da idonsa. A ganina duk bayanin arzikin Loko da ya lissafa haure da gishiri ya tsallake wannan, ya ba da rabin labari ne. Haka kuma wanda ya ce dangantakar hari ce kawai shi ma ya rage wani abu, domin 'yan koli da maƙera da masu sayar da kanwa sun shiga ƙauyukan nan da ciniki, ayari kuma ba ya tafiya sai da hatsin da ya saya a hanya.

Muhimmancin hanyar ne ya sa Keffi ta zama wurin da Turawa suka fara cin karo da Zazzau da gaske. Bayan Lugard ya karɓi mulki daga kamfanin Goldie a madadin gwamnatin Birtaniya a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, an kafa Lardin Nasarawa, kuma a Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a garin, ya kashe Razdan Kyaftin Moloney ya tsere Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi. Wannan na cikin hujjojin da Lugard ya kafa na yaƙar Kano a Fabrairu 1903.

Kuza

Zuwan Turawa bai kashe Loko ba, da farko ma ƙara mata aiki ya yi. Kamfanin Neja, wato tsohon Royal Niger Company, ya tura injiniya H. W. Laws tsaunukan Jos a 1903 neman kuza, aka kafa sansani a Naraguta, kuma kafin 1910 kamfanonin haƙar kuza sun yi yawa a kasuwar hannun jari ta Landan. Babu jirgin ƙasa a kusa, don haka hanyar da ta fi sauƙi ita ce a kawo kayan aiki ta ruwa zuwa Loko, a ɗauke su a ka ta Keffi da Jama'a a hau tsauni, a sauko da kuza ta wannan hanya. Tafiyar ta kusa mil 200. In muka ɗauki laba 60 a matsayin kayan mutum ɗaya, wanda shi ne gwargwadon abin da aka saba ɗora wa ɗan dako a lokacin, tan ɗaya na kuza na buƙatar mutum 37, kuma a tafiyar mil 15 a yini za su yi kusan mako biyu kafin su ga ruwa. A ninka wannan da ɗaruruwan tan, a ƙara da injuna da kwanon rufi da abincin gwangwani na Turawan ma'adinai masu hawa, za a ga yawan kawunan da ake nema. An hana cinikin bayi, amma buƙatar mai ɗauka ba ta ragu ba. Harajin da aka ce a biya da kuɗin Bature, da umarnin da ake bai wa sarakuna da hakimai su kawo mutane, su suka cike gurbin. Bill Freund ya yi bayanin yadda aka samar da ma'aikatan kuza a littafinsa na 1981, Capital and Labour in the Nigerian Tin Mines. Ƙasar Jama'a kanta an haƙi kuza a cikinta, kuma a irin waɗannan ramuka ne aka tsinci mutum-mutumin yumɓu na al'adar Nok, na farko a 1928, sannan shahararren kan nan na Jama'a da ya kai ga hannun Bernard Fagg a 1943.

Tsadar dakon ce ta kashe hanyar. Masu kamfanonin kuza suka matsa wa gwamnati, ita kuma ta riga ta shimfiɗa dogo daga Baro, wata tashar ruwa a kan Kwara, zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911. Daga Zariya aka ja ƙaramin layin da ake kira Bauchi Light Railway, ya kai Rahama a 1912, ya kai Bukuru a 1914. Daga ranar kuza ta daina gangarowa Loko.

Kafanchan ta gaji aikin

Bugu na biyu ya fi na farko. Layin dogo na gabas ya taso daga Fatakwal, ya kai Inugu a 1916 saboda kwal, ya iso Makurɗi, sannan ya ratsa ta Lafiya ya haɗu da Kaduna, aka kuma ja reshe daga Kafanchan zuwa Jos a 1927. Gadar Makurɗi da aka buɗe a 1932 ta sa jirgin ƙasa na tsallake Binuwai ba tare da ya jira fito ba. Wurin tsallaka kogi ya koma Makurɗi, wurin tara kaya da rarraba su na kudancin Zazzau kuma ya koma Kafanchan, a ƙasar Fantswam. Takardun mulki ma sun bi sawu. Har zuwa 1926 Jama'a da Loko suna lardi ɗaya ne, Lardin Nasarawa. A wannan shekara aka rushe shi, Jama'a ta koma Lardin Filato, Keffi da Nasarawa suka koma Lardin Binuwai. A 1933 Sarkin Jama'a ya bar tsohon garinsa ya dawo Kafanchan kusa da tasha, abin da ke nuna cewa shi ma ya gane inda kasuwa ta koma.

Abin lura shi ne Kafanchan ta ɗauki siffar Loko kusan sak, sai dai ba ruwa. Gari ne na baƙi da aka gina a kan sauke kaya da ɗora su: ma'aikatan reluwe Ibo da Yarabawa, 'yan kasuwa da dillalai Hausawa, kantunan kamfanonin Turawa, da manoman karkara masu kawo amfanin gona. Ga mutanen Kagoma da Kwoi bambancin babba ne. A zamanin Loko abin da ake nema a wurinsu ƙarfin jikinsu ne. A zamanin dogo sai ga abin da suka noma da kansu yana da mai saye a ƙetare. Citta, wadda aka fara fitar da ita daga kudancin Zariya zuwa waje tun zamanin mulkin mallaka, ita ta zama kuɗin makaranta da na aure da na rufin kwano a gidaje da yawa, a fere ta ko a tsaga, a shanya a kan dutse, a cika buhu a kai tasha. Da reluwe ta durƙushe daga shekarun 1980, Kafanchan ta ɗanɗani abin da Loko ta ɗanɗana. Cittar ba ta daina fita ba, tirela ce ta karɓe ta daga kasuwannin Kafanchan da Kwoi da Kachia zuwa tashar Ikko, kuma annobar ruɓewar citta ta 2023 ta nuna yadda yankin ya jingina da wannan amfani guda.

Gada da abin da za ta iya kawowa

Loko ta shafe mafi yawan ƙarni na 20 a matsayin garin masunta da manoma da masu fito, a ƙarshen hanyar da mota ke shan wuya da damina. Dawowar babban birnin tarayya Abuja a 1991 da ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996 sun sake matso da ita kusa da masu yanke shawara, kuma a Mayu 2023 aka ƙaddamar da gadar Loko zuwa Oweto, mai tsawon kimanin kilomita 2, wadda ta haɗa Nasarawa da ƙasar Agatu a Jihar Binuwai. Ga mai lodin citta ko doya daga Kagoma da ke nufin Otukpo da Inugu, tsohon layin Kwoi, Keffi, Nasarawa, Loko ya sake zama hanya, ba sai ya zagaya ta Lafiya da Makurɗi ba.

Sai dai gada da tasha ba abu ɗaya ba ne. Abin da ya ciyar da Loko a da shi ne dole a tsaya: a sauke, a jira ruwa, a kwana gidan fatoma, a biya mai jirgi. Gada kuwa an gina ta ne don kada a tsaya, kuma masu fito su ne farkon waɗanda ta raba da sana'arsu. Masu kiran a farfaɗo da sufurin ruwa su dubi Baro. An fara yashe ƙasan Kwara daga Warri zuwa Baro a 2009, an ƙaddamar da sabuwar tashar Baro a Janairu 2019 ƙarƙashin hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA mai hedikwata a Lakwaja, amma shekaru suka wuce jirage ba sa lodi a cikinta, kuma babban abin da ake kuka da shi rashin hanyar mota mai kyau da layin dogo da za su kawo mata kaya. Loko yanzu tana da abin da Baro ta rasa, wato titi mai ɗauke da kaya ta Keffi har kudancin Kaduna. In ana son ta ci moriyarsa, abin da za a fara ginawa rumbunan ajiya ne da kasuwar amfanin gona da wurin lodi a bakin ruwa, yadda ridi da doya da citta za su taru da rani su jira cikar kogi a watan Agusta.